Sanata a Kujerar Baya

Unguwar Kwamba, Suleja,
20 ga Afrilu, 1996.

Zuwa ga Yaya Faruk,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya Kano, yaya kasuwa? Inna na nan da sauƙi, sai dai ƙafar da ke tashi in hadari ya haɗo. Na san halinka da amsa wasiƙa, sai mutum ya yi furfura yana jira, amma wannan don Allah kada ka tura ta ƙarƙashin katifa.

Ranar Alhamis na shiga bas daga kasuwar Madalla zan dawo gida, ina goye da Ummi. Da zanen jam'iyya na goya ta, wanda ƙaninmu Tanimu ya raba mana lokacin kamfen, mai hoton Sanata Jibo Mai Tuta a tsakiya. Na samu wuri a kujerar baya, na sauko da ita kan cinya, zanen ya baje. Wani tsoho a gefena, kaftani duk ya koɗe, silifas a ƙafa, ya ƙura wa zanen ido. Har na ɗauko masa baƙar magana, ka san bakina ba ya azumi, sai na ga tabon nan na gefen girarsa. Yaya, shi ne. Mutumin da in zai shigo Suleja kasuwa watsewa take yi, ga shi a matse tsakanina da buhun masara, kwandasta na daka masa tsawa ya gyara zama.

Ban gaishe shi ba. Na ce masa ni yayar Tanimu ce, direbansa da aka kwashe tare da shi bayan an rushe siyasa, shi an sako shi, namu shiru har yau. Na zaci zai ce yaransa da yawa, bai tuna ba. Sai ya tambaye ni ko Tanimun nan ne mai yatsa shida a hannun hagu.

Ya ce ɗaki ɗaya aka kulle su a wani gidan yari can nesa. Zazzaɓi ya kama Tanimu a daminar farko, bai ga kaka ba. Masu gadi suka so su fitar da shi haka nan, shi ya yi ta roƙo har aka ba shi bokitin ruwa. Da hannunsa ya wanke shi, ya yaga farar babbar rigarsa ya yi masa likafani, suka sallace shi da 'yan ɗakin. Inda aka kai shi bayan nan bai sani ba. Ya ce tun fitowarsa ya sha zuwa bakin lungunmu, ƙafarsa ta ƙi shiga. Yana maganar yana goge tafin hannunsa a gwiwa, kamar har yanzu da danshi.

A Zuma ya sauka, ya bi wata 'yar hanya cikin gonaki, bai waiwayo ba. Duk motar ba wanda ya gane shi sai ni. Shekaru ina tanadin zagin da zan yi masa, Yaya, ko ɗaya bai fito ba. Tun ranar, in na sa Ummi a baho zan yi mata wanka, hannuwan tsohon nan nake gani. Tsoro nake ji, ban kuma san na me ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Inna har yanzu duk maganarta in Tanimu ya dawo. Matarsa Sumayya kuwa, ka dai ga yadda ta fatattaki kawunta da ya kawo zancen zuwa wurin alƙali a raba auren. Kai ne babba. Ka zo ka faɗa musu, a kuma tambayi malam yadda takaba take in miji ya daɗe da rasuwa ba a sani ba.

Jiya Sumayya ta shigo in yi mata kitso, shuku, irin wanda Tanimu ke so, wai ta ji ana cewa za a saki wasu fursunoni da Sallah. Na yi mata, Yaya. Ta duba madubi ta ce bana hannuna ya faɗa. Ka zo kafin Sallah, don ni da na kitsa ba zan iya tsefe mata shi ba.

Ka gaida mutanen gida baki ɗaya. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Rabi