Tun Da Na Gyara Sanyin Motata Nake Ganin Lorene

Zuwa ga Malama Verna,

Ki taimake ni, don na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai ɗauke ni taɓaɓɓe ba. Shekarata saba'in da huɗu. Na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da tarihi a sakandare, har ranar da hukumar makarantar ta ga cewa sabuwar ciyawa a filin ƙwallo ta fi ni amfani. Aka ba ni agogo, aka yanka kek, aka tafa. Ban faɗi haka don a tausaya mini ba, sai don ki san ba jahili ne ke rubuto miki ba, ko da yake aikin jahilci na yi.

Ina da tsohuwar akori-kura mai shan dizal. Na saye ta sabuwa shekarar da 'yarmu Darla ta shiga aji ɗaya, yanzu kuwa Darla ta fara rina furfura. Iyakwandishan ɗin motar ya mutu a shekara ta shida. Matata Lorene ta roƙe ni in gyara, na ce ai muna da irin na mutanen garinmu Pecos: gilashi biyu a ƙasa, gudu mil sittin. Daga baya aka hana irin iskar da ake ɗura wa tsofaffin na'urori, aka ce sai an sauya kayan ciki gaba ɗaya. Nan na samu abin fakewa. Duk ranar da ta tayar da maganar sai in yi mata lacca a kan gwamnati. Ta gaji ta daina. Ta koma jiƙa tawul tana sawa a akwatin ƙanƙara, idan za mu coci ranar Lahadi ta naɗa shi a wuya, ta ɗaure gashinta da ɗankwali don iska. Haka ta yi ta yi shekara da shekaru. Ta rasu bariya a watan Fabrairu, cikin sanyi, kamar da gayya.

Bana da zafi ya fara, ban san abin da ya shiga kaina ba, na kai motar garejin Beto Salcido. Tsohon ɗalibina ne, har yau Malam yake ce mini. Ya shiga ƙarƙashinta, ya daɗe, ya fito yana girgiza kai. Ya ce bututun salansa ya tsage daidai ƙarƙashin mazauni, kuma tsatsa ta ci ƙasan motar ta gefen fasinja har hannu zai iya shiga idan aka ɗaga ledar. Ya ce aiki irin wannan jeri gare shi: salansa tukuna, sai a like ramin, sannan a zo kan sanyi. Wai gilashin da na bari a buɗe duk shekarun nan shi ya hana hayaƙin yi mini illa.

Na ƙi. Motar nan tana da murya. Tun ina mil biyu da gida Lorene take jin ta, ta ɗora kofi. Na ga abin da samarin yanzu ke yi wa nasu, su kafa bututu biyu a bayan kan mota suna tuttuɗo baƙin hayaƙi kamar jirgin ƙasa, su ce gyara ne. Na ce wa Beto ya yi mini sanyi kawai, salansa sai kaka. Ya ce ba zai yi ba. Na tuna masa wanda ya zauna da shi bayan an tashi har ya ci jarrabawar fita. Ya ce, “Malam, ko a aji ba ka taɓa jin maganar kowa ba.” Ya yi aikin, amma sai da ya sa na rantse zan riƙa barin gilashi ɗaya a ɗan sauke.

Ranar farko na karya rantsuwar. Na ɗaga gilasan duka, na kama hanyar da ta bi ta gonakin auduga. Ban taɓa sanin motata a shiru haka ba. Sanyi yana fitowa yana taɓa fuskata, famfunan rijiyoyin mai suna ta sunkuyawa suna ɗagowa a nesa, titi yana sheƙi kamar an zuba masa ruwa. Bayan kamar minti ashirin kaina ya yi wani nauyi mai daɗi, hasken rana ya koma ruwan zuma. Na waiwaya dama, sai ga Lorene.

Ba ta wuce shekara arba'in ba. Rigarta ce ruwan ɗorawa, wadda ta ɗinka don bikin ƙanwarta. Babu tawul a wuyanta, babu ɗankwali, gashinta a sake. Ta miƙa tafukanta biyu gaban inda sanyin ke fitowa, ta lumshe ido. Ba ta ce ka ga abin da na gaya maka ba, wanda da tana da rai ba shakka sai ta faɗa. Muka yi ta tafiya. Audugar ta yi fari fat tun lokacinta bai yi ba, shingen waya yana tafiya tare da mu, kuma na ji kamar motar ba ta taɓa ƙasa.

Yau wata biyu ke nan, kusan kullum da azahar. Wata rana takan ɗora ƙafarta a kan akwatin ƙanƙara. Wata rana takan kalli waje kawai, in ga bayan kunnenta. Ina komawa gida da ciwon kai da tashin zuciya, in kwanta awa uku, in tashi ina jiran gobe.

Kada ki ɗauka ban gane ba. Na gwada, har na rubuta a littafi kamar yadda na saba sa ɗalibai. Ranar da na sauke gilashi faɗin yatsa uku, ba ta zo ba. Sau biyar na gwada, sau biyar kujerar ba kowa. Na san abin da nake shaƙa.

Ranar Talatar da ta wuce na farka na tarar da gaban motar a cikin shingen wani makiyayi, inji yana aiki, shanu uku suna leƙena. Ban tuna lokacin da na bar titi ba. Matar makiyayin ta san Darla, ta buga mata waya can garin Lubbock inda take zaune. Darla ta ce ranar Asabar tana nan tafe, ko motar ta koma wurin Beto ko ta tafi da makullin. Ta yi mini magana da muryar da ake yi wa yara.

Ban samu komai daga duniyar nan ba sai abin da na ƙwata. Yanzu an ba ni minti ashirin a rana, kyauta, kuma kowa yana so ya karɓe don ya ce ya cece ni. Cece ni in yi me? In zauna a baranda ina kallon rana tana faɗuwa a kan wurin ajiye motoci? Ki gaya mini, shin babu hanyar da za a yi gyaran rabi? Kuma tsoho ba shi da ikon zaɓen inda zai ga matarsa?

Tsohon Malami, Gundumar Reeves

Amsa

Malam,

Zan fara da abin da ba zai jira Asabar ba. Kada ka sake tayar da motar nan. Ka kira Beto ya zo ya jawo ta, kada ka tuƙa ta zuwa garejin ko da gilashi a buɗe. Yau ɗin nan ka samu wanda zai kai ka wurin likita, ka gaya masa komai: hayaƙin, wata biyun, ciwon kan, da shingen. Wata biyu na shaƙar wannan abu ba ya tafiya da barcin awa uku.

Babu gyaran rabi. A gareji na tashi, mahaifina bakanike ne, kuma ban taɓa ganin bututun da ya tsage ya tsaya inda yake ba. Abin da ya ba ka minti ashirin jiya, gobe zai ba ka goma kafin ya ɗauke ka.

Kana da gaskiya a wurare, ba zan ɓoye ba. Muryar mota ba shirme ba ce, duk matar da ta taɓa jiran miji ta san haka. Ba dole sai an sa maka ƙaton bututu irin na samari ba. Ka ce wa Beto daidai girman na asali kake so, da tukunyar rage ƙara irin ta da. Muryar za ta ɗan sauya, amma za ka gane ta. A like ramin ƙasan da ƙarfe, a sa maka 'yar na'urar nan mai ihu idan hayaƙi ya taru a cikin mota. Idan likita ya yarda ka koma tuƙi, Darla ba ta da dalilin riƙe makulli, kuma kana iya nuna mata wannan shafi. Ita ma ta gyara murya, ubanta ne ba ɗanta ba.

Amma ka tambaye ni ko tsoho yana da ikon zaɓe. Yana da shi a barandarsa. Titin nan ba naka ba ne kai kaɗai. Nan da mako biyu za a koma makaranta, motocin ɗaukar yara za su riƙa bin hanyar da azahar, daidai lokacinka. Ranar Talata shinge ka samu. Kai da ka yi shekara talatin da ɗaya a gaban allo ba ka buƙatar in ƙarasa.

Akwai kuma jimla ɗaya a wasiƙarka da ta tsaya mini a rai, inda ka ce a cece ka ka yi me. Idan akwai wani ɓangare na zuciyarka da ke fatan wata rana kada ka farka, ka faɗa wa likita ko fasto da waɗannan kalmomi, ba tare da ado ba. Kada ka nannaɗe shi cikin zolaya, na ga ka iya.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Idan Beto ya gama, ba za ka sake ganinta a kujerar ba. Za ka yi rashinta karo na biyu, kuma wannan karon da hannunka za ka miƙa makullin. Abu ne mai nauyi, kada ka ɗauke shi kai kaɗai. Darla ta san labarin shinge, ba ta san sauran ba. Ranar Asabar, kafin ta buɗe baki, ka zaunar da ita ka gaya mata wa kake gani, da abin da take sanye da shi, da yadda take miƙa hannu. Uwarta ce. Shekara biyu ke nan ita ba ta samu ko minti ɗaya ba.

Allah ya ba ka lafiya, Malam, ya sanyaya maka zuciya, ya kai ka gida duk inda ka fita.

Verna