Muryar Yaya Bawa a Cikin Hulata

Kebbe, daren Laraba, tsakiyar Sha'aban

Yau ɗiyata Hadiza ta zo daga Tambuwal ido jawur. Gyaran da take yi wa kaset ɗin marigayi Yaya Bawa, wanda na ɗauka yana jero kakanninmu tun saukarsu Fakku, ya lalace. Ta buɗe aikin a kwamfuta, shiru kake ji. Wai ta goge wasu tarin ƙananan fayiloli tana zaton shara ce, ashe nan muryar take zaune. Kaset ɗin kuwa ya tsinke tun ranar da aka juye shi cikin kwamfuta.

Ta ce, "Baba, na kashe Baffa karo na biyu."

Na ce, "Bar kuka, miƙo man hulata."

Ranar juyin na kafe sai ta zuba man ɗanyen sautin a memori kafin ta yanke ko tari guda. Ta ce rigimar tsufa ce. Ni dai ban taɓa haɗa iri da hatsin ci rumbu ɗaya ba. Na ɗinke abina cikin hula.

Muka kunna. Ga Yaya, ga ƙugin kaset, ga zakara. Can sai muryar uwar Hadiza, Allah ya ji ƙanta: "Ku taso, tuwo na hucewa!" A gyaran farko Hadiza ta yanke wurin, ta ɗauka hayaniya ce. Tana goye uwar ta rasu, ina za ta san muryar?

Yanzu wuri uku ta aje: kwamfuta, filashi, hulata. Na ce ta share ƙugin in tana so, amma tuwon nan kar ta taɓa shi.