Riƙe Mana Tocila

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Mu nan lafiya lau, sai sanyi, shi ma an saba.

Kin tambayi maigidan. Yana gareji. Shi da maƙwabcinmu, wani tsohon makaɗi, sun samo wata mota da ta girme ni, kullum suna ƙarƙashinta. In sun gaji da zancen kafireta sai su koma kan gitar tsohon, wata mai kaurin murya, wai kunnuwan ɗaure tsirkiya na tagulla sun fi na ƙarfe riƙe sauti. Daga falo maigidan yana jin tsirkiya ta saki, amma shirun da na yi tun bara bai ji ba.

Kin tuna na ce miki mai son tsofaffin kaya ba ya yar da mace? Ban yi ƙarya ba. Bai yar da ni ba, ajiye ni ya yi.

Jiya na shiga in gaya masa na karɓi aikin koyarwa a wani gari. Kafin in buɗe baki ya ce, “Yauwa Malama, riƙe mana tocila. Ga digiri, ga hannu ba ya rawa!” Na riƙe, Yaya, har suka gama ɗaure notin. Na so ya ɗago ko sau ɗaya.

Kada ki gaya wa Inna tukuna, ki dai sa ni a addu'a. Na ɗauki jakata. Zan ja ƙofar a hankali, ko da yake suna gwada inji.

Ƙanwarki