Akwatin da Yayanki Ya Aiko

Wudil, 4 ga Yuli

'Yata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Na ba Labaran direba wannan takarda, domin ni ba na zuba maganar gida a saƙon waya.

Yayanki ya turo wani Malam Garzali da mutanensa su saka mini intanet. Sun bi tsohon layin tarho na marigayi babanku, suka sake igiya tun daga falwaya har falo, suka huda mini bango. Sannan suka ɗora wani farin akwati mai fitilu a kan kabad, wai da shi zan riƙa ganin mutanen Legas a wayata. Shekara huɗu rabon yayanki da gidan nan, tun sadakar arba'in ta babanku. Ban taɓa jin inda akwati ya gaishe da uwa a madadin ɗa ba.

Ki sanar da shi abin ba ya aiki. Ki kula da salla a kan lokaci.

Mahaifiyarki,
Barakatu

Zariya, 25 ga Yuli

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, yara ma suna gaisuwa.

Yaya Muhyiddeen ya kira ni. Ya ce sau uku Malam Garzali yana zuwa gyara, kuma duk zuwa sai ya tarar an zare igiyar daga bango, an naɗe ta tsaf, an rataye a ƙusar kalanda. Umma, yaushe ɓerayen Wudil suka iya naɗi haka?

Duk Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya zauna da 'yarsa Yusra, an yi mata kitso, suna ta kiran ki har la'asar. Yarinyar ba ta taɓa ganin kakarta ba. Shi yana zaton fushi kike yi da shi. In fushi ne ki faɗa mini, ya ba ki haƙuri.

A gafarce ni in na yi rashin kunya.

'Yarki,
Khairiyya

Wudil, 2 ga Agusta

Khairiyya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Rashin kunya kam kin yi, ba a yi wa uwa ba'a a takarda.

Ni na zare. Kuma ban yi ƙarya ba, cewa na yi ba ya aiki. Ranar farko ya yi. Malam Garzali ya miƙo mini waya, sai ga fuskar yayanki ta cika gilashin, yana cewa, "Umma, kalle ni mana." A gaban baƙi!

Ke auta ce, ba ki san wannan ba. Yayanki ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban kira sunansa ba, ban tsaya na dube shi ido da ido ba, haka aka rene mu. In ya zo gida yakan tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ni, ni kuwa ina fuskantar wani wajen. Daga ƙafarsa nake gane ko ya rame. Daga abin da ya rage a kwano nake gane ko yana cikin damuwa. Wannan abin naku fuska kaɗai yake nunawa. Ina zan sa idona?

Gidan shiru. Tun da Hafsatu maƙwabciyata ta koma Kausani, sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai kaji. Ba kuka nake kawo miki ba, labari nake ba ki. Kada ki karanta masa wannan.

Allah Ya shirya ku.

Mahaifiyarki

Wudil, 16 ga Agusta

Khairiyya,

Bayan gaisuwa. Na san kin karanta masa, Allah Ya yafe miki.

Na mayar da igiyar. Ranar Juma'a ya kira, na kifa wayar a kan tabarma ina tsintar shinkafa, ya yi ta magana, bai ce in kalle shi ba. Yusra kam na ɗaga na gan ta. Goshin babanku ne.

Yayanki tari yake yi, ki ce masa ya je asibiti. Ki kuma tambaye shi ko ofishinsu na ba da hutu a ƙarshen shekara. Ki yi kamar ke ce kike son sani.

Ki huta lafiya.

Mahaifiyarki,
Barakatu