Wurin da Aka Cike a Kwalekwale

Garwa, 6 ga Satumba

Baban Ikram,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da aikin jami'a a Yawunde. Mu nan lafiya, sai ruwan Binuwai da ya cika.

Na ji an ƙara maka girma saboda littafinka a kan tsarin gudanar da ƙungiyoyi. Allah ya sa albarka. Amma ba murna ta sa na ɗauki biro ba.

Michel, shugaban masu fito da kwalekwale, ya zo gidan nan. Ya ce da ka yi bincike a ƙungiyarsu, ka ga suna barin wurin mutum ɗaya a gaban kowane kwalekwale. Ka rubuta cewa asara ce, ka sa matasansu suka cike wurin. Ka tambayi dattawa na wane ne? Ba ka tambaya ba. Tun kana yaro haka kake, ka fi son gyara abu da fahimtarsa.

Michel ya ce mai wurin, wanda ido ba ya gani, ya rasa inda zai zauna, yana neman wanda ya tashe shi. Na yi lise, wato makarantar sakandare, ina salla, ba na camfi. Amma kujerar karatunka da ke gidan nan kullum a jiƙe take da rana tsaka, tana ƙarnin kogi.

Ka zo ka ba mutanen nan haƙuri, ka ce su mayar da wurin. 'Yarka a gidan nan take kwana.

Mahaifiyarka,
Kaltouma

Garwa, 25 ga Satumba

Baban Ikram,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Amsarka ta iso. Ka ce malami ba ya janye sakamakon bincike saboda tatsuniya, kuma kana da taro a Faransa. Girman kai ne wannan, ko da wane suna ka kira shi.

Ikram ta daina zama a tsakiyar tabarma. Gefe take matsawa, ta bar wuri. Tuwonta ma rabi take ci, ta tura kwanon. Jiya a bakin kogi aka tsinto ta, ruwa har gwiwa, hannunta a miƙe kamar wani na riƙe da shi. Na je wurin matasan da kaina, suka ce sai Dakta, wato kai, ya faɗa da bakinsa.

Ba zan jira kogi ya ɗauke mini jika ba. Yau na sa ta a motar Yawunde tare da Fanta maƙwabciyata. Motar ta cika maƙil, har da masu zama a kan buhuna, amma kujerar da ke kusa da Ikram ba wanda ya zauna. Ba wanda ya hana su. Kowa ya zo sai ya yi sallama ya wuce.

Gobe za su iso, shi ya sa zan tura maka hoton wasiƙar nan ta waya don ta riga su. Ka je tasha ka tarbe su. Kai da kake tsara wa kowa wurinsa, sai ka nemi inda za ka saukar da baƙonka.

Mahaifiyarka,
Kaltouma