Faten Dankalin Inna

Unguwar Wambai, Suleja,
9 ga Mayu, 1993.

Zuwa ga Yaya Hashim,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali, Allah Ya ƙara tsare ku a can Fatakwal. Mu nan jiki lafiya. Ciwon ƙafata ya yi sauƙi, 'yata Mardiyya ta gama kwalejinta tana jiran sakamako. Zuciya ce ba lafiya, kuma ƙaninka Lukuman ne sanadi.

Ranar Laraba ya biyo daga Abuja ya ce mini zai kawo manyan baƙi ranar Asabar, in yi musu faten dankalin Inna da kaza. Yaya, kai ka san abin da wannan girki yake nufi a gidanmu. Inna ba ta taɓa ɗora shi don baƙon kawai ba, sai ranar da aka zo neman auren 'yar gida. Shi aka yi wa dangin marigayi mijina. Na tambaye shi ko maganar Mardiyya ce, ya yi murmushi ya ce in dai gyara gida, alheri ne. Yarinyar nan har lalle ta yi.

Na sa aka yanka kazar da ta fi kowace yi mini ƙwai. Na tafasa ta da citta da kanumfari da masoro har ƙashi ya yi laushi, na soya attaruhu da albasa a manja, na saka daddawar da na daka da hannuna. Dankalin kuwa sai da na aika garin Tafa aka samo fari mai gari, don na kasuwar nan ruwa ne. Na zuba shi kashi biyu yadda Inna ta koya mini, na fari ya narke ya kama romon, na biyu ya tsaya da jikinsa. Alayyahu sai da na sauke tukunya.

Suka zo, wani Alhaji da mutanensa. Suka cinye tas a zaure. Ina tsaye bayan ƙofa ina jiran a kira ni, sai ga ɗayansu ya yi sallama ya shigo tsakar gida da igiyar awo. Ya auna ɗakin Baba, ya auna rijiya, ya ce madafin nan rushe shi za a yi a fitar da ɗakunan haya na ma'aikatan Abuja. Alhajin ya yaba girkina, ya ce kada in damu, zai bar ni har bayan damina kafin in tashi. Bawan Allah, bai ma san ban sani ba. Mardiyya tana ɗaki da sabon mayafi tana jin komai.

Da suka tafi na tsare Lukuman. Ya ce wai ya san in ya faɗi gaskiya ba zan bar su su taka zaure ba, kuma Alhaji mai son abincin gargajiya ne. Wato girkin uwarmu ya mayar ɗanɗanon ciniki, ni kuma kukunsa. Sannan ya ce kai ma ka amince ta waya a sayar da gidan.

Wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ban yarda ba tukuna. Shekarun da na yi ina koyarwa ba barci na yi ba, na karanta rabon gado, na san ba a sayar da gidan da ba a raba ba alhali mai haƙƙi tana ciki da ranta. In ta kama in tsaya gaban alƙali da ɗan'uwana, zan tsaya. In ƙarya ya yi maka, ka rubuto masa da kakkausar murya, ka aiko mini da kwafi. In kuwa gaskiya ne, kada ka ɓata tawada. Ka hau mota ka zo ka faɗa mini da bakinka, ina kallon idonka.

Ka gaishe da Yaya Asibi da Fakhruddeen da ƙannensa. Mardiyya ba ta ce a gaishe da kowa ba, ni ma ban matsa mata ba.

Ƙanwarka da take zaune a gidan ubanta,
Halimatu Sadiya.