A Buɗe Mana Rumbun Bayan Inji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kasuwarmu, uban 'yan kasuwa, wanda Allah Ya ɗora wa nauyin rumfunanmu da ma'auninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ƙarami ke miƙa wa babba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da abokan shawararka. Ina yi maka barka da damina, da fatan Allah Ya kai mu kaka lafiya.

Ranka ya daɗe, ni tela ne mazaunin Boɗinga. Ina da rumfa a layin masu ɗinki tun gemuna na baƙi wuluk, ga shi yau furfura ta fara cin gefensa. Ban saba rubuta wa manya ba. Abin da na saba shi ne taka keke da rana, da tsara baitoci idan zuciya ta cika. Na zo ƙofarka ba sau ɗaya ba, kowane zuwa sai a ce mini ka fita, ko a ce an riga an gama magana. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a bainar jama'a, a kan ɗakin nan na bayan injin niƙa da ka ba da umarni aka kulle.

Na farko, ina so in tuna maka abin da ɗakin yake.

A ido, ɗakin ƙasa ne mai duhu, ƙurar gari ta rufe bangonsa, ƙofarsa ɗaya kuma tana buɗewa ne cikin zauren inji. Amma a cikinsa 'yan kasuwar nan suka yi wani abu da har yau idan na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Ka san al'adarmu: mai saye ya auni gero mudu kaza, mai sayarwa ya ƙara masa ɗan gyara a kai. To, wata shekarar tsada, Alhaji Garba mai hatsi ya rataye buhu a gefen rumfarsa, ya ce duk wanda ya yafe gyaransa a zuba a nan. Kafin kasuwa ta zagayo sau kaɗan, kowane mai hatsi ya rataye nasa. 'Yan albasa suka riƙa ware wadda ta ɗan ƙuje, wadda ba za ta jure tafiyar kudu ba. Masu kuka da daddawa suka shigo, masu man gyaɗa suka shigo, mahauta suka ce ƙashin miya nasu ne. Manoman da ke shigo da kaya daga Dingyaɗi da Mandera da Lambara, su ma ba a bar su a baya ba. Mu teloli da ba mu da abin aunawa, muka ɗauki facin buhuna. Mamman mai inji ya ba da ɗakin, ya kuma ce duk abin da ya fito daga cikinsa zai niƙa kyauta. Ba wanda aka tilasta wa, ba kuma wanda aka yi wa shela da sunansa. Damƙi ɗaya, damƙi ɗaya, sai ga rumbu. Tsarki ya tabbata ga Mai sanya albarka a cikin abu kaɗan.

Na biyu, yadda abincin ke fita, wanda shi ne zuciyar maganata.

Ni kaina na daɗe ina facin buhunan nan ban san hanyar da hatsin ke bi ya kai gidajen mutane ba. Sai da Allah Ya jarraba ni. Daminar bara waccan na faɗi a kan babur, ƙafar dama ta karye, ita ce kuwa ƙafar da nake taka keke da ita. Na kwanta wata da watanni. Abin da na tara ya tafi wurin mai ɗori da magani, buhun gidana ya kwanta ƙasa ya zama tabarma. Amma kullum da maraice sai in ga tuwo a gabana. Da abin ya dame ni, na tambayi maiɗakina daga ina. Ta ce, "Malam, ci abinka. Kwano nik kai, kwano niɗ ɗauko." Da na matsa, sai ta warware mini.

Mace takan ɗauki kwanon niƙanta, ta rufe shi da faifai, ta kai zauren inji ta ajiye a layi kamar kowa. Inna Kulu, tsohuwar nan da ta ba da kanta ga wannan aiki ba da ko sisi ba, ita ke miƙa wa Mamman kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Takan ɗaga faifai. In ta ga hatsi, ta miƙa. In ta ga kwano fanko, sai ta wuce da shi ɗakin baya ta cika shi, ta sa ɗan ƙullin kuka da albasa a gefe, a niƙa, a mayar da faifai, a ajiye shi cikin sauran. Mai kwano ta zo ta ɗauki abinta ta bi hanya, gari a kai, daidai da matar attajiri. Ba ta buɗe baki ta roƙa ba. Ko da ta yi niyyar godiya, ƙarar inji ba za ta bari a ji ba.

Ranka ya daɗe, a ranar na juya fuskata ga bango na yi hawaye, kuma ba na baƙin ciki ba ne. Na yi mamakin mutanen da nake zaune da su shekara da shekaru, muna ciniki, muna musu a kan canji, ashe Allah Ya ba su hikimar ciyar da mutum ba tare da an sa shi ya sunkuyar da kai ba. A kwancen nan na tsara waɗannan:

Kwano ya bar gida fanko da safe,
Ya dawo da gari, faifai a kife,
Wa ya cika shi? Bakin kowa a rufe,
Mai Sama Ya gani, lada na tafe.

Bayan na miƙe na je na durƙusa gaban Inna Kulu don in gode mata. Ta kawar da kai ta ce, "Tashi, Tela, kak ka ɓata wandonka. Ni ba ni duban huska, faifai nika ɗagawa." Faɗin wannan a fili ba zai tona asirin kowa ba, domin matan garin nan duk sun san hanyar, kuma kwano rufaffe ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Asirina kaɗai na tona, shi ma da yardar iyalina.

Na uku, abin da ka yi, kuma zan faɗe shi da adalci.

Da ka hau wannan kujera ka zagaya kasuwa, ka leƙa ɗakin, ka ga duhu da ƙura da ɓeraye, ranka bai yi daɗi ba. Ka ce abincin bayin Allah bai cancanci wannan wuri ba. Gaskiyarka. Ka tara taimako, ka gina ɗakin bulo a bakin ƙofar kasuwa, daidai inda motocin Shagari ke sauke fasinja. An yi masa daɓen siminti da rufin kwano, an shafa fenti, an kafa allo mai manyan haruffa. Ginin ya yi kyau, kuma ban taɓa zargin niyyarka ba. Sai ka sa aka kwashe buhuna zuwa can, aka sa wa tsohon ɗakin kwaɗo, aka ce daga yanzu rabo ranar kasuwa ne da hantsi, mabuƙata su yi layi, samarin kwamiti su ɗauki hoto da wayoyinsu don masu taimako na nesa su ga inda abinsu ke tafiya.

Allah Ya daɗe da ranka, ka gyara ɗaki, amma ka raba shi da inji. Ranar kasuwa da hantsi, a bakin ƙofa, ita ce sa'ar da surukin mutum ke saukowa daga mota, da maƙwabcinsa, da wanda ke neman auren 'yarsa. Wane magidanci zai tsaya a nan da kwano a hannu? Wace dattijuwa za ta yarda fuskarta ta yawata cikin wayoyin jikokinta? Layin yana cika, ban musa ba, kuma waɗanda ke cikinsa su ma bayin Allah ne masu haƙƙi. Amma akwai waɗansu da suka ɓace tun daga ranar, su ne waɗanda yunwa ke ci a ɓoye. Inna Kulu ta ce a kwanakin farko takan ɗaga faifai ta ga kwano fanko, ta tsaya da shi a hannu, ta dubi ƙofar da ke kulle, ta mayar da shi layi yadda ya zo. Ta ce yanzu ma masu irin kwanon sun daina zuwa.

Ga hatsi jibge, ga ƙofa a sarari,
Mai yunwa ya juya ya koma bayan gari,
Ciki na ƙugi, yana ba shi haƙuri,
Gara wuni da yunwa da tonon asiri.

Masu bayarwa ma jikinsu ya yi sanyi. Buhunan gyara da ke cika kafin la'asar, yanzu sukan kai magariba ba su yi rabi ba. Na tambayi Alhaji Garba, ya daɗe yana shafa mudunsa kafin ya ce, "Tela, hatsin ga da munka zuba, don a ruhe mutum munka zuba shi, ba don a buɗe shi ba."

Na huɗu, abin da ya sa na kasa ci gaba da haƙuri.

Kasuwar da ta wuce wani dattijo ya zo rumfata. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi ƙauyensa ba. Manomin albasa ne, mutum mai kamala, wanda a shekarun baya da hannunsa yake ɗora buhu a ƙofar ɗakin nan ya juya kafin a gode masa. Bana albasarsa ta ruɓe a rumbu tun kafin farashi ya tashi, geron bara ya ƙare, na bana kuwa bai ko fitar da kai ba. A gidansa akwai tsohuwarsa da ba ta gani, akwai jikoki marayu. Ya zaro babbar rigarsa ta Juma'a daga jaka, wadda ni na ɗinka masa ita da hannuna lokacin yana cikin wadata. Ya ce da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, "Tela, duba man wuyan rigag ga." Sannan ya matso ya rage murya: "In an samu mai so, kak ka hana. Ta yi man nauyi, tsuhwa ta zo."

Ranka ya daɗe, rigar ba ta yi masa nauyi ba. Ni da shi duk mun sani, kuma ba wanda ya dubi idon wani. Na yi ƙoƙarin cusa masa ɗan abin da ke aljihuna, ya riƙe hannuna ya mayar, ya ce ba a karɓar kuɗin rigar da ba a sayar ba tukuna. Daga rumfata ana hango sabon ɗakinka, buhuna a jere har rufi. Ya wuce ta gabansa kansa a miƙe, bai ko waiwaya ba. Irin wannan mutumin ba zai shiga layi ba ko da zai faɗi. Amma surukarsa tana iya ajiye kwano a zauren inji.

Saboda haka nake roƙonka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai:

Ka mayar wa Mamman da Inna Kulu mabuɗin ɗakin bayan inji kafin kasuwa mai zuwa. In duhu da ɓeraye ne damuwa, mun yi magana da magina biyu da kafinta, sun yarda su yi daɓe su sa taga ba da lada ba, ni kuma zan ɗinka wa kowane buhu sabon baki.

Sabon ɗakin kada ya tafi a banza. Ya zama wurin karɓa da ajiya, a riƙa ɗiba daga can zuwa bayan inji kaɗan-kaɗan. Wanda layi bai dame shi ba, a ci gaba da ba shi a can.

A daina ɗaukar hoton masu karɓa. A ɗauki buhuna, a ɗauki ginin, a ɗauki masu bayarwa in sun so. In kuwa masu taimako na nesa sun ce lalle sai sun ga fuskar wanda ya ci, to ga tawa. Zan zo in tsaya ƙarƙashin allon nan da hantsi, in faɗi sunana da na mahaifina, in ce na ci, iyalina sun ci, mun ƙoshi, mun gode. A ɗauke ni sau nawa aka ga dama, a bar sauran bayin Allah da suturarsu.

Ba ni da ikon umartarka, kuma ban fi ka son mutanen nan ba. Kai ma ɗan kasuwar nan ne, a cikinta ka girma, ka san nauyin kunya a ƙasar nan tamu. Rigar dattijon tana naɗe a ƙasan kekena. Mutum biyu sun taya, na ce musu ba a gama gyara ba. Zai dawo ranar kasuwa ya tambaye ni, kuma ba zan iya riƙe ta fiye da haka ba, domin gidansa ba zai ci alkawari ba. Amsarka ce za ta nuna ko kuɗi zan miƙa masa, ko rigarsa.

Allah Ya ja zamaninka, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya sa ka gama wannan shugabanci lafiya. Allah Ya saka wa 'yan kasuwarmu da mafificin alheri, Ya yalwata mudunsu, Ya ba Inna Kulu tsawon rai da ƙarfin hannu. Kai kuma, Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira, kai da zuriyarka, Ya sa kada ka taɓa tsayawa a layin kowa.

Ni ne naka mai biyayya,
Tela daga layin masu ɗinki, Boɗinga.

Wassalam.